Awo yana kuɓuce mini gab da asuba, ina mafita?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu aikin injin CNC, wato injin yankan ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa. Aikin dare nake yi, muna fiƙe alminiyam mai kaurin milimita 50, kuma zanen bai yarda a kauce da fiye da maikron 10 ba (maikron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Farkon dare komai na fita daidai. Daga ƙarfe 3 zuwa asuba sai awo ya fara zamewa a hankali, ga kwando yana cika da kayan da ba za su karɓu ba. Abin yana ci mini rai, don masu aikin rana ba sa ganin haka.

Na canza bakin yanka, na duba maikromita (na'urar awon kauri) da ƙarfen gwaji, ina kuma barin inji ya ɗumama kafin in fara. Zargina yana kan sanyi: alminiyam na motsawa da kusan maikron 23 a kowace mita idan zafi ya sauya da digiri ɗaya na ma'aunin Celsius, ga shi ƙa'idar awo a digiri 20 take. A kaurin nan, digiri 5 kaɗai ya cinye kusan maikron 6.

To ta yaya zan gane ko injin ne ke motsi, ko ruwan sanyaya ne, ko kayan? Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan ya taimaka.