Saman teburin da na haɗa ya tsage da shigowar hunturu, don Allah a ba ni shawara

Malamin Mabera: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ku taimaka mini, hankalina ba kwance yake ba. Waɗanda suka daɗe a nan sun san ni ba kafinta ba ne, koyarwa nake yi. Aikin katako sha'awa ce da na taso da ita tun ina yaro, ina zama shagon wani maƙwabcinmu ina miƙa masa ƙusa. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, na gyara zauren da yake ajiye buhunan gero na mayar da shi wurin aiki, na kafa benci, na rataye zarto da guduma da wani filen, abin feƙe katako ya yi sumul, da na saya na hannu. Kujerun tsakar gidanmu da kantar littattafaina duk ni na yi su, kuma har yau suna nan garau. To ƙanwata za a aurar, ita ce autarmu, a hannuna ta girma, sai na yi mata alkawari a gaban Inna cewa teburin cin abinci na ɗakinta da hannuna zan yi shi. Na sayo katako da damina, na haɗa, na goge da samfefa, na shafa banish, duk wanda ya gani sai ya yaba. Yanzu tsaga ta fito a saman, ta taso daga baki ta nufi tsakiya, har tsinken ashana yana shiga. Allunan ma sun fara rabuwa, gefe ɗaya ya ɗaga. Biki ya matso, kuma Inna ta riga ta faɗa wa kowa. Ya zan yi? Bakin filen ɗin ma ya daina ci, sai tsalle yake a kan katako.

Ɗan Arkilla: Wa alaikumus salam. Malam, wane irin katako ne? Kuma da me ka kama saman a jikin ƙafafun, ƙusa ko sukuru? Ba ka faɗa ba.

Baban Runjin Sambo: Ba sai ya hwaɗi ba, ɗanyen katako ne, babu wata magana. Ɗana, saurara. Katakon da muke saye a garin nan galibi daga Kudu anka ɗauko shi, inda iska ke cike da laima, kai kuma kas saye shi cikin damina, lokacin da ko ƙofar ɗakinka kumbura take tana ƙin rufuwa. Ka zo ka ɗaure shi tamau. Hunturu ya shigo, laimar iskar Sakkwato ta faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ruwan da ke cikinsa ya fita, dole ya motse. Kuma katako a faɗinsa yake motsewa, tsawonsa kusan bai canzawa. Allon inci 12 na iya rage abin da ido zai gani sarai. Tunda ka hana shi motsi, sai ya yage kansa. Ni ban taɓa sa zarto ga katako ba sai ya ga hunturu guda a gidana: a inuwa, a jere, da ƙananan sanduna tsakanin allo da allo don iska ta ratsa, bulo bisa kai don kada ya kanannaɗe, bakunan biyu kuma a shafe su da fenti, don ta nan ruwa ke saurin fita. Wanga saman ya tafi. Cire shi ka sake wani.

Malamin Mabera: Baba na gode, amma wallahi ba ɗanye ba ne. Mai katakon ya rantse mini ya daɗe a rumfarsa, na ɗaga shi na ji ba nauyi. Kuma kantar littattafan a wurinsa na sayi katakonta, me ya sa ita ba ta tsage ba?

Baban Runjin Sambo: Kanta allo ɗaiɗai ce, kowane yana da wurin motsi. Tebur ka haɗa alluna da yawa wuri guda. Rantsuwar mai sayarwa kuma ba ta busar da katako.

Maman Khalifa: Yaya, kada ka tayar da hankalinka. Ka tara garin katakon da samfefa ta fitar, mai laushin, ka kwaɓa da farin gam, ka cusa cikin tsagar, ya kwana, ka goge ka sake banish. Haka na yi wa akwatin kayan ɗinkina. Sai dai ni abin da ke ci mini rai shi ne aron kaya. Wani ɗan uwan maigidanmu ya ari zartona mai kyau, ashe itacen girki ya je ya yanka da shi, har da wanda ƙusa ke ciki. Ya dawo da haƙora uku a karye, ko haƙuri bai ba ni ba, kuma in ka yi magana a ce kana rowa. Yanzu a ƙarƙashin gado nake ɓoye kayana.

Baban Runjin Sambo: Garin katako da gam na ramin ƙusa ne, ɗiyata, ba na tsagar da ke tafiya ba. In damina ta dawo allon ya kumbura, zai matse abin da anka cusa ya tofo shi waje, ko ya buɗe wata sabuwa.

Injiniyan Gawon Nama: Ni ina ganin ba sai an zubar da saman ba. Malam, duba ƙarƙashin teburin, ka shafa masa banish? In sama kaɗai ka shafa, ƙasan zai riga saman bushewa, shi ke sa allo ya lanƙwashe. Kwance saman, ka bi layin tsagar da zarto ka raba shi biyu, ka daidaita bakunan da filen, ka sa gam ka matse su sosai har gobe. Wurin mayarwa kada ka sa ƙusa. Ka huda ramin sukuru mai ɗan tsawo a jikin firam ɗin da saman ke zaune a kai, kwance da faɗin allo, yadda sukurun zai iya ɗan zamewa in katako ya motsa. Yanzu da ya riga ya bushe, shi ne ma mafi aminci a kan sabon da za ka sayo. Filen kuma wasi yake so. Ka fara goge bayan bakin ya kwanta sumul a kan dutsen wasi, sannan gaban a kusurwar digiri 25 zuwa 30, har ka ji wani siririn kaifi ya juyo baya, sai ka share shi. Kada ka fito da bakin da yawa, ya zama abin da yake feƙewa siriri ne kamar bawon albasa. Ƙurar hunturu ma tana dakushe shi, ka riƙa share katako kafin ka ɗora filen.

Ɗan Arkilla: Ku da ke maganar wasi da hannu kun huta. Ni na tara kuɗi na sayi injin gurza, tun da na kawo shi wuta ba ta tsaya ta awa biyu a unguwarmu ba, janareta kuma man fetur ya gagara. Yana nan cikin kwalinsa. Malam, har yanzu ba ka faɗi sunan katakon ba fa.

Malamin Mabera: Ja ne dai, ya ce mini mahogani ne. Injiniya, ƙasan ban shafa ba, don ba wanda zai leƙa can, kuma banish ya yi tsada. Ƙusa inci uku na sa, na bi da gam duk kewayen don ina son ya yi ƙarfi, yara za su hau kai. In na ce zan kwance shi firam ɗin zai farfashe. Ni abin da nake nema shi ne yadda zan rufe tsagar ba tare da na wargaza aikin ba.

Baban Runjin Sambo: Ƙusa da gam duk kewaye! To ka ji. Ba ƙarfi kab ba shi ba, ɗaure shi kay yi. Kuma ba kowane jan katako ne madaci, wato mahogani, ba, wasu jiƙa shi suke da kala. Ka je ka sayi filawud mai kauri, ka yi sabon sama, ka kewaye bakinsa da siririn katako. Filawud bai san hunturu ba, don an giciye sassansa.

Injiniyan Gawon Nama: Baba, filawud a teburin cin abinci? Ruwa ya zube sau biyu ya fara ɓarewa. Ga gara in ɗakin ƙasa ne.

Maman Khalifa: Ni dai a cusa, a shimfiɗa leda mai fure a kai, biki ya wuce lafiya. Amarya ba tsaga za ta duba ba.

Malamin Mabera: Leda ba za ta yiwu ba, ƙanwata, ƙirar katakon ce kwalliyar. Filawud kuma ba shi na yi wa Inna alkawari ba. Da safen nan na auna, tsagar ta ƙaru da kusan rabin inci. Wani abokin aikina ya ce in jiƙa buhu in rufa masa da dare, wai zai koma ya haɗe. Akwai wanda ya taɓa gwada haka?