Wai Ɗaurin Ƙirji Ƙauyanci Ne?

Maman Iman, Aboabo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma yau na ga gara in amayar da shi. Tun da na yi haihuwa ta biyu na bar zaman kanti na dawo gida, babbar tana da shekara uku, ƙaramin kuwa watansa bakwai. Na sa an ɗinka mini dogayen riguna huɗu na atamfar auduga, kowacce da zif a gaba saboda shayarwa, da aljihu biyu na waya da mabuɗi, tsawonta kuma ya tsaya a idon sawu domin kada ta riƙa sharar ruwan tsakar gida. In na yi wanka da safe sai in zura ɗaya in ɗaura kallabi. Iyakar laifina ke nan. Amma matan gidan hayarmu kullum sai sun tare ni da cewa amarya ina za a je, jiya kuma a bakin famfo wata ta ce sai marar aikin yi take kwalliya da hantsi. Ni a ganina uwar da take fama da ƙananan yara ta fi kowa buƙatar suturar da za ta yi aiki da ita, ta kuma fita tarbar baƙo ba tare da ta ruga ɗaki neman mayafi ba. Wuni da ɗaurin ƙirji da tsohuwar rigar maigida tun daga asuba har magariba ƙauyanci ne, kuma zamaninsa ya wuce.

Hajiya Mai Koko, Asawase: Wa alaikumus salam, 'yata. Ina karantawa ina tausaya miki, har na iso kan kalmar ƙauyanci, sai na ajiye wayar na yi salati. A Kumasi aka binne cibiyata, ban taɓa yin wata guda a ƙauye ba, kuma 'ya'ya bakwai na goya da wannan ɗaurin ƙirjin da kike rainawa, ina dama koko tun kafin kiran assalatu. Ki tambayi mahaifiyarki da me ta goya ki, in ya so sai ki dawo ki gaya mana ko ita ma baƙauya ce.

Malamar Makaranta, Tafo: Mma Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Ina ganin ba a fahimci yarinyar nan ba. A Hausa ƙauyanci hali ne, ba wurin haihuwa ba, shi ya sa ake samun ɗan birni mai ƙauyanci, a kuma sami mutumin karkara mai wayewa. Abin da take nufi shi ne rashin kula da kai, kuma da ta ce sakaci da babu wanda zai tanka.

'Yar Bawku, Sawaba: Malama, da sakaci take nufi da sakaci ta rubuta, ai ba ƙaramar yarinya ba ce. Mu da muka zo daga arewa mun san wannan kalmar sarai, domin da ita ake jifanmu tun ranar da muka sauka a tasha. In mun yi magana a ce harshenmu na ƙauye ne, in mun ɗaura zani a ce ɗaurinmu na ƙauye ne, alhali batakari, rigar maza da ake saƙawa a garuruwanmu, shi Kwame Nkrumah da abokansa suka saka a daren da ya shelanta 'yancin Ghana a watan Maris na 1957. A ranar babu wanda ya ce masa baƙauye. Kayan ƙauye yana da kyau in babban mutum ya saka, amma in matar talaka ce a tsakar gida sai ya zama abin kunya.

Malamar Makaranta, Tafo: 'Yar'uwa, babu wanda ya ambaci arewa kafin ke.

'Yar Bawku, Sawaba: Ba sai an ambata ba, Malama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maɗinkiyar Alabar: Don Allah ku bari in ce wani abu a kan suturar kanta, tunda ita ce sana'ata shekara da shekaru. Duk ɓangarorin biyu suna da gaskiya, amma kowa ya bar rabinta. Iyayenmu ba don rashin wayewa suke ɗaura zani ba. Yadi shida da ake sayarwa, biyu na kaba ne, wato rigar sama, biyu na siket, biyun da suka rage kuwa na goyo ne ko na rufa, wato tun a kasuwa an yi lissafin jariri a ciki. Zanen auduga yana kama jiki, goyo ba ya zamewa a kansa, yana shan gumi, kuma a irin damshin Kumasi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matsalar ɗaurin ƙirji ɗaya ce, yana kwancewa a lokacin da hannuwanki biyu suke cikin wanki ko kina riƙe da tukunya mai zafi. Rigar da Maman Iman ta kwatanta ta magance wannan, in dai an kiyaye wasu abubuwa. Kada hannun ya wuce gwiwar hannu, kuma kada ya yi faɗi, saboda kurfoti. Kada a yi ta da yadin roba mai santsi irin na abayar kasuwa, domin yana riƙe zafi, goyo yana sulɓewa a kansa, in kuma tartsatsi ya taɓa shi narkewa yake ya manne da fata. Kada a manna duwatsu ko ƙananan maɓallai a ƙirji, domin yaro mai wata bakwai duk abin da ya cire baki yake kai shi. A zaɓi zane mai duhu mai cunkoson fure, shi ne yake ɓoye tabon manja da tumbuɗi har zuwa lokacin wanki. Wadda take son ganin samfuri, akwai guda uku a rataye a shagona.

Hajiya Mai Koko, Asawase: To, ga shi mai sana'a ta faɗa da bakinta cewa ba rashin wayewa ba ne. Ina jiran a janye kalmar.

Anti Nima, Ankara (Accra): Ni dai dariya kuke ba ni, mutanen Kumasi. Mu nan Nima da Mamobi mun daɗe da wuce wannan gardamar. Wace mai jego ce take da kuɗin yadi da kuɗin ɗinki har riga huɗu, ta kuma jira maɗinkiya ta yi mata alkawarin Juma'a uku? Mace ta yi sammako zuwa kasuwar gwanjo ta Kantamanto ranar da ake kwance dila, ta zaɓo dogayen rigunan auduga masu laushi da wanduna masu faɗi na sakawa a ciki, ta wanke su da ruwan zafi ta shanya a rana. Ba sa buƙatar guga, kuma duk wadda ta yi jego a shekarar 2015 lokacin da dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya yi tsanani ta san darajar rigar da ba ta neman dutsen guga. Ko gobarar da ta cinye kasuwar a farkon Janairun 2025 ba ta hana mata komawa ba.

Hajiya Mai Atamfa, Kejetia: Ƙanwata, ki faɗi sunan abin da kike tallatawa. Mutanen ƙasar nan obroni wawu suke ce masa, wato Bature ya mutu, kuma ba a banza suka sa masa wannan sunan ba. Kayan da ba ki san jikin da ya fito ba, shi za ki saka ki rungumi jariri ki ba shi nono? Gwamnati da kanta ta haramta shigo da kayan ciki na gwanjo tun 1994. Muna da kamfanin atamfa na GTP a Tema tun 1966, muna da masaƙar Akosombo, zannuwan da iyayenmu suka ajiye a akwati har muka gada launinsu bai gushe ba. Fos, wato gwanjo, da atamfar jabu da ake kwaikwayon zanenmu a shigo da ita ta ɓarauniyar hanya, su ne suka durƙusar da masaƙun ƙasar nan, har a 2004 gwamnatin Kufuor ta fito da tsarin saka kayan gida ranar Juma'a domin a farfaɗo da su. In ana neman ƙauyanci na gaskiya, to shi ne mutum ya bar sabo na gida ya yi tinƙaho da kwancen wani.

Anti Nima, Ankara: Hajiya, da girmanki. Atamfa kike sayarwa, kowa a nan ya sani. Kuma ban ce a sayi kayan ciki ba, riga na ce. Rabin matan da suke zuwa suna da biki da leshi mai tsada, in kika bi su gida fos za ki tarar a jikinsu, sai dai ba sa faɗa.

Hajiya Mai Atamfa, Kejetia: Wa ya ƙirga miki su har kika san rabi ne?

Anti Nima, Ankara: Wanda ya gaya miki fos yana sa wa jariri cuta bayan an wanke shi, shi ne ya ƙirga mini.

'Yar Bawku, Sawaba: Kun gani ko? Yanzu kalmar ta tashi daga kanmu ta koma kan masu saka fos. Kowa yana neman wanda zai ɗora wa ita, amma har yanzu wadda ta fara jefo ta ba ta ce uffan ba.

Maman Basiru, Aboabo: Tunda abin ya kai haka, bari in fito, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ce na yi maganar a bakin famfo, kuma Maman Iman ta san ina cikin wannan zauren lokacin da ta rubuta. Abin da ba ta gaya muku ba shi ne, igiyar shanya ɗaya ce a gidanmu, ɗaki tara muke amfani da ita, kuma dogayen rigunan nan nata kowacce tana cin wurin zani biyu, a damina kuma sai su kwana biyu ba su bushe ba, alhali zani kafin la'asar ya bushe an kwashe. Ranar nan kayan makarantar yarana a kan katanga na shanya su. Ban ce mata marar aikin yi ba, cewa na yi mai wannan wankin ba ta da aikin da ya fi shi. Kuma ranar da ƙaramin ya yi zazzaɓi da dare, da zanena na ɗaurin ƙirjin nan ta goya shi zuwa asibiti, domin nata duk ta mayar da su riguna.

Maman Iman, Aboabo: Yaya, ban kama sunan kowa ba, kuma zanen na wanke na goge na mayar miki washegari tare da godiya. Ban san cewa bashi ne da za a karanta mini a gaban jama'a ba.

Hajiya Mai Koko, Asawase: Allahu akbar. Ashe da zanen ƙauyawa aka kai ɗan birni asibiti. Hausawa dai sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Malamar Makaranta, Tafo: Mma Hajiya, wannan ya yi tsauri. Yaro ne ba shi da lafiya, kuma maƙwabciya ta yi abin da ya kamace ta. Tambayar da aka kawo ita ce ko ya dace uwa ta gyara jikinta a cikin gidanta, kuma har yanzu ban ga wadda ta ce bai dace ba. Tsafta cikon addini ce, ko da zani ko da riga.

Maɗinkiyar Alabar: Maganar bushewa gaskiya ce, amma laifin shafi ne. In ba a sa wa rigar shafi a ciki ba, kuma ba a tara mata tattara a ƙugu ba, yadi uku ya isa, kuma tare da zani za ta bushe. Ba a wurina aka ɗinka waɗancan ba.

Anti Nima, Ankara: Na fos dai awa biyu ne a rana.

Magajiyar Zaure: Ya isa haka. Maman Iman da Maman Basiru, ku same ni gida bayan sallar isha'i, maganar igiya ba ta waya ba ce. Hajiya Mai Atamfa, ke ce mai riƙe mana rubutu, ki taƙaita wa waɗanda ba su samu bibiya ba, sannan a rufe.

Hajiya Mai Atamfa, Kejetia: To, Magajiya, Allah ya ƙara girma. Ga abin da aka tattauna. Wata 'yarmu ta kawo kuka a kan suturar zaman gida, ta yi amfani da kalmar da ba ta dace ba, kuma iyaye sun yi mata gyara. An yi ittifaƙi cewa zani da doguwar riga duka sutura ce ta mutunci, matuƙar an yi su da atamfar auduga ta ainihi, kamar yadda maɗinkiya ta tabbatar. An kuma ja hankalin masu shayarwa a kan haɗarin yadin roba da kayan gwanjo. Wata baƙuwa daga Ankara ta kawo ra'ayi dabam, amma bai samu karɓuwa ba. Shawarar da ta fito ita ce kowace uwa ta tanadi aƙalla yadi shida na atamfa mai kyau, huɗu na riga, biyu na goyo, domin kada ta wayi gari tana aro. Mai neman zane mai duhu irin wanda aka ambata, sabbi sun iso ranar Litinin.

Anti Nima, Ankara: Shekarata shida a wannan zauren ina zubin adashi tare da ku, yau na zama baƙuwa. Kuma maɗinkiya ba ta ambaci gwanjo ba ko sau ɗaya, kowa ya koma sama ya duba.

'Yar Bawku, Sawaba: An rubuta cewa iyaye sun yi gyara. Ni dai ban ga inda aka janye kalmar ba.

Maman Iman, Aboabo: Magajiya, in sha Allahu zan zo bayan isha'i. Yaya Maman Basiru, na kwashe rigunan, igiyar tana nan babu kowa a kanta.