Yadda ma'aikata za ta tallafa wa mai koyon aiki da ke karatun jami'a

A wata tattaunawa da aka yi kan wannan batu, shawarar da ta fi yawan fitowa ita ce ta lokaci. A Ingila, wadda ta fara nata tsarin haɗa digiri da koyon aiki a 2015, an taɓa shafe shekaru ana ware kashi 20 cikin 100 na lokacin aiki don karatu, kusan yini guda a mako. Matsalar ita ce yinin nan yakan salwanta. Ɗalibi ya buɗe kwamfuta zai rubuta aikin da malami ya ba shi, sai ga waya: "Don Allah leƙo na minti biyar." Shi ke nan, rana ta tafi. Ni ma ina ganin nan ne gizo ke saƙar. A bar masa ranarsa, kada a kira shi.

Sai kuma shugabansa ya karɓi jadawalin jami'a tun farkon zango, ya rage masa nauyi a makon jarrabawa.

An kuma nemi a haɗa shi da wani ƙwararre, ba shugaban nasa ba, wanda zai iya gaya wa "ban gane ba" babu jin kunya. In da hali, binciken kammala digirinsa ya tsaya kan wata matsala ta gaske da ke damun ma'aikatar.