Idan tsirkiya ta tsinke ina tsakiyar kiɗa, in tsaya ko in ci gaba?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, malamaina da yayyena. Shawara nake nema. A watan Janairu zan yi kiɗa a gaban jama'a karo na farko, a Jos: bayolin, wato gogen Turawa, da mai fiyano yana raka ni, wani dogon kiɗa da ake kira sonata, mai kashi uku, kamar minti 20. A Legas nake koyo, kwana biyu kafin ranar zan isa Jos. Fiyanon zauren na lantarki ne, takardun mai fiyanon kuma a tabulet suke. Kiɗan ya zauna mini a hannu. Kayan aikin ne ke hana ni barci: tsirkiya ta tsinke, kunne (itacen da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya) ya saki, ko a ɗauke wuta. Ni mai saurin ruɗewa ce, da abu ya ɓaci sai hannuna ya kama rawa. Me ake yi a daƙiƙun farko? Yaushe ake ci gaba, yaushe ake tsayawa?

Malamin bayolin:
Wa alaikumus salam, 'yata. Tambayarki ta ƙarshe ita ce uwar sauran. Makaɗi yana ruɗewa ne idan sai abin ya faru sannan ya fara tunanin ko ya tsaya, alhali bakan da ake goga kiɗan da shi na kan tsirkiya. Ki yanke wannan hukunci tun yanzu, ke da mai fiyanonki.

Cikin tsirkiyoyi huɗun nan, G, D, A da E, ta E ce ta fi tsinkewa. Ƙarfe ce siririya, kaurinta wajen milimita 0.26, jan da ke kanta kuma ya kusa kilo 8. Za ki ji "tas", sai ki ga tana reto. In saura gaɓoɓi kaɗan (ƙananan yankunan da ake raba kiɗa a takarda) kashin ya ƙare, kuma kiɗan bai hau can sama ba, ki ƙarasa a kan A. Ga lissafin: taki biyar-biyar ne tsakanin tsirkiyoyin, saboda haka abin da kike bugawa a matsayi na ɗaya (matsayi shi ne inda hannun hagu ke zama a wuyan bayolin) a kan E, shi ne a matsayi na biyar a kan A, da yatsun nan dai ba canji. E ɗin da ba a danna ba kuwa ɗan ƙaramin yatsanki ne a kan A a matsayi na ɗaya. Sai dai ki kasa kunne, don da jan ya ragu a kan jaki, ɗan katakon da tsirkiyoyi suke hawa, sauran ukun sukan kauce daga saiti, galibi su ɗan hau. Ki gyara da yatsa, ki guji buga su ba dannawa.

In a farko ne ko tsakiyar kashi, ki tsaya. Sauke baka, ki dubi mai fiyano, ki ɗan ɗaga bayolin ɗin jama'a su ga tsirkiyar. Magana ɗaya ta isa: tsirkiya ta tsinke, a ba ki minti uku. Ki fita da tafiyarki ta kullum.

A bayan dandamali: ki zare guntun da ya rage a kunne da wanda ke jikin ɗan sukurun saiti. Ki sassauta sukurun nan har wajen rabi, don ki sami wurin ƙarawa da ragewa. Maƙala ƙarshen tsirkiyar a can ƙasa, zura bakinta a hudar kunne ya leƙo kaɗan, ki naɗe layi-layi zuwa bangon da ke gefen kan kunnen, kina murɗawa kina turawa ciki. Ɗan robar da ke jikin E ki zaunar da shi daidai kan jaki, shi ke hana ta yanka katakon. Kafin ki kai ta saiti, ki dubi jakin ta gefe ko ya sunkuya. Ki riƙa yin wannan a gida da agogo a gabanki har ya koma minti biyu.

Abu ɗaya da ake yawan tuntuɓe a kai: E iri biyu ce, mai ƙwallo a ƙarshe da mai zobe. Ki duba wadda sukurunki yake karɓa kafin ki saya.

Mai gyaran bayolin:
Ƙanwata, ni kunnuwan nan sun fi ba ni tsoro a kan tsirkiya, saboda tafiyar da za ki yi. Kunnen bayolin ba sukuru ba ne, itace ne mai tsini da matsi kaɗai yake riƙe shi a rami. Katako yana son laimar iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Ta Legas takan haura 70, ta Jos kuwa da hunturu takan faɗi ƙasa da 20 da rana. Kunnen da ya sha laima ya kumbura, in ya shiga wannan bushewa sai ya tsuke ya saki ramin, ki buɗe akwati ki tarar tsirkiya biyu sun zube.

Maganinsa kafin ranar ne. Ki sa abin riƙe laima a akwatin tun daga Legas. In babu, soso ɗan ƙarami da aka jiƙa aka matse sarai, a cikin roba mai huda-huda, kada ruwa ya taɓa katako ko ɗigo. Da kin isa, ki bar akwatin a rufe awa biyu ko uku, sannan ki bi kunnuwan ɗaya bayan ɗaya: sassauta, tura ciki, mayar saiti. Wanda ya ci gaba da zamewa, ki cire shi ki ɗan goga alli a wurare biyun da suke sheƙi, inda yake haɗuwa da ramin. Wanda ya cije kuwa busasshen sabulu ake shafa masa, kaɗan ƙwarai. Ban da ruwa, ban da yawu, kuma kada ki buga shi da ƙarfi ya shiga, akwatin kunnuwan yana tsagewa.

Ɗaya bayan ɗaya na ce, kuma da dalili. Jaki ba a manne yake ba, haka ɗan ginshiƙin da ke tsaye a cikin cikin bayolin. Jan tsirkiyoyi ne ya riƙe su. In duka huɗun suka saki lokaci guda, jaki ya faɗi, ginshiƙin ma yana iya kwantawa. In kin ji wani abu yana gangarawa a ciki, kada ki ɗaure tsirkiya ko ɗaya, fuskar bayolin ɗin za ta iya tsagewa. Wannan kam sai a ari wani.

Tsirkiyoyin ajiya kuma: E ta ƙarfe tana zama cikin mintuna, amma A, D da G masu cikin roba sai sun kwana biyu ko uku suna miƙewa. Ki canza duka mako biyu kafin ranar, waɗanda kika cire ki naɗe su ki rubuta sunan kowace a takarda. Su ne ajiyarki, sun riga sun miƙe. Ki goga bakin fensir a ramukan jaki da na sama inda tsirkiya ke kwanciya, yana rage gurzawa. Inda tsirkiya take yawan tsinkewa a wuri guda, akwai kaifi a wurin, a gyara shi.

Izga ɗaya ko biyu in sun tsinke a baka, ba komai, akwai fiye da 150. Ki jira inda kike da hutu ki katse su, ko almakashi bayan kashin. Kada ki fizgo su daga tushe, ƙullin yana sassautawa. Baka na biyu, wanda an riga an goga masa ƙaro, ya kwanta kusa da ke.

Mai tambaya:
Na gode, Malam, na gode Yaya. To in na dawo dandamali, daga ina zan ɗauka? Kuma wutar fa?

Mai raka makaɗa da fiyano:
Ƙanwata, wannan aikin ku biyu ne. Ku ɗauki fensir ku sa alama iri ɗaya a takardunku, wuri uku ko huɗu a kowane kashi, inda jimlar kiɗa take farawa: A, B, C, da lambar gaɓar. Ku gwada tashi daga kowace ba shiri. Ƙa'idar da ta fi sauƙi: in ba ku kai sulusin kashin ba, ku koma farko, in kun wuce, alamar da ke baya. Ke za ki faɗa a hankali, "daga C", shi ya buga miki sautin tsirkiyar A ki yi saiti a natse, tsirkiya huɗun duka. Daƙiƙa 20 ɗin da za ki kashe a saiti sun fi minti bakwai na kiɗa a karkace.

In wuta ta tafi kina bugawa, ki ƙarasa jimlar da kike ciki, bayolin ba ya buƙatar soket. Sannan ki sauke baka. Da fiyanon ya dawo akwai abu uku da mai fiyano zai duba kafin ya ɗaga miki kai. Na ɗaya feda, abin da ake takawa da ƙafa don sauti ya ja: da yawan waɗannan fiyano suna tantance feda ne a lokacin kunnawa, in ƙafa na kanta a lokacin sai ta juye, sauti ya riƙa ja in an saki, ya yanke in an taka. A kashe, a ɗauke ƙafa, a sake kunnawa. Na biyu saiti: in kun ɗaga ma'aunin sautin A zuwa 442, yana iya komawa na asali, 440, da kansa, ke kuma kina can sama. Mafi sauƙi ku zauna a 440 tun farko. Na uku murya da ƙarfin sauti, don wasu sukan koma yadda suka fito daga kamfani. Akwai kuma tsarin kashe kai in an daɗe ba a taɓa shi ba, da yawa minti 30. A cire shi, in ba haka ba jawabin buɗe taro ya yi tsawo ku tarar da shi a mace.

Tabulet: caji 100, a hana allo mutuwa da kansa, a kashe intanet da sanarwa, a bar Bluetooth kaɗai saboda fedar juya shafi. In fedar ta ƙi, yatsa ya taɓa gefen allo, a yi gwajin hakan ma. Kofin takarda ya kasance a buɗe a shafin farko, da mutum zaune a hagun mai fiyano wanda ya iya bin kiɗa.

Mai kula da sauti:
Ƙari a kan batun wuta. Fiyanon lantarki irin na ɗauka ba ya cin wuta, da yawansu ba su kai watt 40 ba. Ƙaramin UPS na kwamfuta mai 650VA, wato akwatin batir da ke karɓa idan an ɗauke wuta, zai riƙe shi har janareta ya tashi, amma shi kaɗai a jona, ban da amfilifaya. A gwada kwana ɗaya kafin nan: a zare filogi ana bugawa a ji ko ya ɗauke, a kashe masa ƙarar gargaɗin nan. Fitilar kan takarda ta zama mai batir. Kebul na ƙasa a liƙe shi da tef, musamman na feda.

In akwai makirufo, idan wuta ta tafi mai sauti ya kashe amfilifaya ya sauke komai a mikisa, na'urar haɗa sautuka. Da ta dawo, mikisa ake fara kunnawa, amfilifaya a ƙarshe, in ba haka ba lasifika ta yi "ɗum" ɗin da zai firgita zauren duka. In lasifika ta fara kuka, ke ja da baya taki ɗaya daga makirufon ki ci gaba. Kada ki rufe shi da tafin hannu, kukan ƙaruwa yake. Shawarata ma, zauren da bai wuce mutum 200 ba, a bar bayolin da muryarsa.

Mai bayolin a ƙungiyar makaɗa:
Malam, a yi mini afuwa, ina da ja kaɗan a kan ƙarasawa a A. Ga wadda wannan ne karonta na farko, in ba ta gwada shafin ƙarshe na kowane kashi a kan A a gida ba, gara ta tsaya ko da saura gaɓa takwas. Neman matsayi na biyar da hannu mai rawa shi ke mayar da ƙaramar matsala babba.

Ƙanwata, ki san cewa wannan abu yana da tsari tun da daɗewa. A babbar ƙungiya, in tsirkiyar mai kiɗan gaba ta tsinke, sai ya miƙa wa shugaban masu bayolin nasa ya karɓi na shugaban, shugaban ya karɓi na maƙwabcinsa, bayolin mai tsinkakkiyar tsirkiyar a yi ta miƙa shi baya har a gyara. A 1986 a Tanglewood, a Amurka, Midori, mai bayolin 'yar Japan, tana da shekara 14, Leonard Bernstein yana jagorantar makaɗan, E ta tsinke mata. Ta karɓi bayolin ɗin shugaban, Malcolm Lowe, ita ma E ɗinsa ta tsinke, ta sake karɓar na mataimakinsa ta ƙarasa. Hannunta ya san inda zai miƙa. Ke ma in za ki sami aron bayolin, a yi masa saiti da fiyanon nan a ajiye a buɗaɗɗen akwati bakin ƙofa, minti ukunki ya koma daƙiƙa 30. Ki buga shi ko rabin awa ne kafin ranar, don tazarar yatsu takan ɗan bambanta.

Rawar hannu kuwa jiki ne ya zuba sinadarin firgita a jini: zuciya ta yi sauri, numfashi ya tsaya a ƙirji, daƙiƙa biyar ta zame miki kamar minti. Ba ya ɗaukewa nan take, amma yana lafawa in fitar numfashi ya fi shigarsa tsawo. Ja ta hanci kina ƙirga huɗu, saki a hankali kina ƙirga shida, sau uku, rabin minti ke nan. Ki yi shi kina naɗa tsirkiya. Sassauta babban yatsan dama a kan baka, ki sauke kafaɗa, don daga can rawar take gangarowa. Da kun tashi, jan baka na farko ya zama cikakke mai ɗan nauyi. Baka mai tsoro a sama-sama shi ya fi karkarwa.

Kuma ki sa a riƙa ɓata miki kiɗa a wajen gwaji. Wani ya kashe soket ba sanarwa, ko ya tafa hannu a matsayin tsinkewar E, ke kuma ki yi komai har ƙarshe: sauke baka, faɗi maganar da ƙarfi, fita, canza tsirkiya, dawo, "daga C". Sau biyar ko shida kafin Janairu.

Malamin bayolin:
Na karɓi gyaran, gaskiyarki ne. 'Yata, to ki ƙara wannan a aikin mako: layi huɗu na ƙarshen kowane kashi, a kan A, a hankali. Wanda ya zauna ki sa masa alama a takarda. Wanda ya ƙi, ki rubuta "tsaya" a gefensa, mai fiyano ma ya rubuta a tasa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na duba sukuruna yanzu, mai zobe yake karɓa, ajiyata kuwa duka biyun masu ƙwallo ne. Gobe in Allah ya kai mu zan nemo daidai.

Mai gyaran bayolin:
Ki fara dubawa, wasu ƙwallon nasu yana fita ya bar zobe. In nasu bai fita, ki sayi biyu. Ki tambayi ɗan robar da ake sa wa ƙugiyar sukurun, don bakin ƙugiyar nan ne yake cin zoben har ya yanke.