Neman kalma: me za mu kira "reverse engineering" da Hausa?

Mai tambaya, Unguwar Rogo, Jos: Assalamu alaikum. Asabar zan fara koyar da matasan unguwarmu ilimin kwamfuta, gobe Juma'a kuma zan kai takardar darasi a buga. Tsofaffin kwamfutoci muka samu muka ɗora musu Haiku, babbar manhajar nan da aka fara a 2001 don raya wata tsohuwar babbar manhaja mai suna BeOS. Wasan shi ne a ba yaro 'yar manhaja mai neman kalmar sirri, a ɓoye masa rubutun da aka gina ta da shi. Sai ya buɗe ta a Debugger na Haiku, wato manhajar da ake bin aikin wata manhaja daki-daki da ita, ya bi umarnin inji ɗaya bayan ɗaya har ya kama inda take gwada abin da aka shigar. Me zan kira wannan aiki?

Bakanike: Kwancewa mana. Haka muke wa inji.

Malamar lissafi: Yaya, kwancewa ta yi kaɗan, ɓarawon batir ma kwancewa yake yi. Ni na fi son tsifa. Mai kitso in ta ga sabon yayi a kan wata, a hankali take tsefe shi, tana lura da inda aka raba gashi da yadda hannu ya bi, don ta iya yin irinsa. Ko Ghidra, manhajar yin wannan aiki da hukumar tsaro ta Amurka, NSA, ta saki kyauta a 2019, ba ta dawo maka da ainihin rubutun, wani abu mai kama da yaren rubuta manhaja na C take ba ka, sunayen da magini ya sa duk sun ɓace. Fahimtar hannun ake nema.

Dattijo daga Abuja: 'Yata, yanzu ilimin kwamfuta za mu kai zauren kitso? Na daɗe ina cewa bin sawun ƙira. Ƙira tamu ce, sawu namu ne. Matsalar kenan in aka bar wa Jos raɗa suna, inda mace ma "ya zo" ake ce mata.

Bakanike: Haba Baba! Hausar Jos ɗin ce kabilu da yawa ke ciniki da ita a Taminus. Ba bara muka zo ba.

Dattijo daga Abuja: Ciniki daban, rubutu daban.

Malamar lissafi: Baba, gwada taka a jimla. "Na bi sawun ƙirarta" ko "na tsefe ta", wanne yaro zai faɗa yana gaban allo?

Mai tambaya: Don Allah a bar zancen Jos, mai buga takarda ƙarfe huɗu yake rufewa. Na rubuta tsifar manhaja, wasan kuma kacici-kacicin tsifa. Baba, zan sa taka a layin bayani.

Dattijo daga Abuja: To, a sa. Amma samari za su yi dariya, ka dawo ka faɗa mana.