Musayar Waƙa: Rabon Yau da Tanadin Gobe

Mai Bishara

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Batunmu dogara ga Allah a rayuwar yau da kullum. A amsa da baiti, wanda ya kawo hujja ya faɗi sura da aya. Na buɗe da manna.

Da sunan Uba mai riƙon duniya,
Mu tattauna zance na bangaskiya.

Ku duba Fitowa a sura 16,
A jeji aka soma koyon biyayya.

Da asuba manna ke sauka da raɓa,
Fari fat a zango, gaba da baya.

Awon kowane kai omer ne guda,
Babba da yaro rabonsu ɗaya.

Wanda ya yi barci har rana ta take,
Ya tarar ya narke, ranar ya sha wuya.

Wanda ya ɓoye saboda tsoron gobe,
Tsutsa da wari ya samu a ajiya.

Ran shida kaɗai aka ce a ɗebi biyu,
Shi ne ya kwana har Asabar lafiya.

Shekara 40 a kan wannan tsari,
Kullum da safe sabuwar godiya.

Kuskure biyu ke nan a sura guda,
Rago da matsoraci duk sun saki hanya.

Shi ya sa Yesu ya koya mana roƙon
Abincin yini, ba tarin dukiya.

Matashi Mai Tambaya

Baba, na ji, Allah ya ƙara basira,
Amma da tambaya mai son amsawa.

Farawa 41 ta nuna Yusufu
Gaban Fir'auna yana tsarawa:

Shekara 7 na ƙoshi suna tafe,
Wasu 7 na fari suna biyowa.

Ya ce a cire ɗaya cikin 5 na amfani,
A zuba a rumbu, a sa masu tsarewa.

A jeji an ajiye, tsutsa ta cinye,
A Masar an ajiye, an tsira daga yunwa.

Karin Magana 6 ma ta ce wa rago
Ya je ya ɗau darasi gun tururuwa.

To mai albashi da mai sana'a,
Wanne za su bi, ci ko tarawa?

In mutum ya tara, ya raina Allah ne?
In bai tara ba, ba za a ce masa wawa?

Mama Ma'aji

Ɗana, tambayarka ta yi kyau ƙwarai,
Surorin nan biyu ba sa faɗa da juna.
A jeji Allah ne ya ce kar a ajiye,
A Masar shi ya aiko mafarki ya nuna.

Biyayya ce a can, biyayya ce a nan,
Inda zuciya ta jingina shi za a auna.
Mai gonar Luka 12 ya yi shirin rushe rumbuna,
Ya ce zai gina manya, ransa ya ci ya zauna.

A daren aka nemi ran, ya bar su duka,
Ba Allah, ba maƙwabci a cikin magana.
Yusufu kuwa da yunwa ta zo ya buɗe,
Har waɗanda suka sayar da shi ya ciyar da ƙauna.

Ga tsari. Ran da kuɗi suka shigo hannu,
Kafin a taɓa su, a ɗau biro tukuna.
Miji da mata tare, takarda guda,
Don kuɗin ɓoye shi ke rushe amana.

Kashi na fari na Allah ne, a keɓe shi,
1 Korantiyawa 16:2 ta tsara mana:
Ranar fari ta mako, gwargwadon samu,
Mai ba da zakka ɗaya cikin 10 zai auna.

Na biyu na gida: ci, haya, karatun yara,
1 Timoti 5:8 ta tsananta magana:
Wanda bai kula da iyalinsa ba,
Bangaskiyarsa ta rage sai suna.

Na uku bashi. A rubuta kowanne,
Nawa ne, na wane ne, biya a wace rana.
In ba zai samu ba, a taka a je
A faɗa wa mai shi tun kafin ya tuna.

Na huɗu ajiya. Ɗaya cikin 5 ɗin nan
An ba Masar ne, ba doka ba ce mana.
Ɗaya cikin 10 ko cikin 20 ta isa farawa,
Muddin wata-wata ne, kada a daina.

A cire ta da fari, kar a jira ragowa,
Mai jiran ragowa hannu wofi yake kwana.

Ramuka biyu ke haɗiye gidan mai bi,
Kuma bangaskiya ake ba su suna.
Na fari cin bashi don a "shuka iri",
Wai Allah zai ninka kafin a kwana.

2 Korantiyawa 8:12 ta ce ana karɓa
Bisa abin da ke hannu, nan aka auna.
Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don sayen baiwar Allah,
Bitrus ya tsawata, Ayyukan Manzanni 8 ta nuna.

Na biyu tsaya wa wani lamuni don kunya,
Karin Magana 22:26 ta hana.
In ka kasa biya, gadon da kake kai
Za a janye, ka rasa wurin kwana.

In za ka taimaka, ba da abin da ka iya yafewa,
Zumunci ya tsira, bakinka bai yi ƙuna.

Baba Dattijo

Mama ta gama da aljihu, madalla,
Allah ya sa wa hidimarki albarka.

Ni zan taɓa dare: an kashe fitila,
Ƙarfe 2 ya yi, tunani ya farka.

Ga yadda ake raba shiri da damuwa:
Shiri na ƙarewa da aikin da za ka ɗauka.

Damuwa kuwa zagaye take wuri guda,
Sau 10 ta dawo, ba abin da ta shuka.

Matiyu 6:27 tana tambaya,
Wa damuwa ta ƙara wa kwana a cikinku duka?

Ɗana, tashi zaune, raba takarda biyu,
Dama ka jera abin da ke cikin ikonka.

Hagu: zuciyar wani, ruwan sama, ranar mutuwa,
Da duk wani abin da ya fi ƙarfinka.

Na dama ka sa masa rana da sa'a,
Na hagu, 1 Bitrus 5:7, sauke shi gun Ubanka.

Nehemiya 4:9 ta haɗa su biyun:
Sun yi addu'a, sun sa tsaro dare da rana duka.

A kwana 52 ganuwar Urushalima ta tsaya,
Ba su ce roƙo ya ɗauke musu harka.

Bulus na ɗaure ya rubuta wa Filibiyawa,
Sura 4 aya 6, ka sa ta a ranka:

Addu'a da roƙo, a haɗa da godiya,
Mai tsallake godiya yakan tashi da shakka.

Dalili kuwa, godiya ce ke tuna maka
Abin da Allah ya riga ya yi a kanka.

Kafin ka roƙa, ambaci abu 3 na jiya,
Sannan ka kira bukata da sunanta da bakinka.

Yesu ya tambayi makaho Bartimawas, me kake so?
Ya ce in gani, bai tsaya kan "ka taimaka".

Duba jerin addu'ar Ubangiji da kyau:
Sunanka, mulkinka, sannan nufinka.

Sai abinci, sai gafara, sai tsari daga mugu,
Mai farawa da abinci a nan yakan sauka.

In addu'a ta yi nauyi, bincika riƙo,
Matiyu 6:15 ta haɗa ta da ɗan'uwanka.

Daniyel sau 3 a yini yake durƙusawa,
Tun kafin dokar hana addu'a ta fito yake yin haka.

Minti 10 kullum ya fi awa 3 a wata,
Ajiye waya a waje, rufe ƙofar ɗaka.

Wani lokacin kuma gajiya ce tsagwaronta:
Iliya ya roƙi mutuwa, mala'ika ya sauka,

Ya ba shi ci da ruwa, ya bar shi ya kwanta,
Sau biyu, kafin doguwar tafiya ya ɗauka.

Malamar Lahadi

Baba, in ƙara ɗaya a kan naka:
Ba a dogara ga alkawarin da ba a karanta.

Littattafai 66, surori 1,189,
Yawan ya sa wasu tun fari suke karaya su huta.

Sura 3 kullum Litinin zuwa Asabar, 5 ran Lahadi,
23 ke nan a mako, shekara ta wadata.

Sabon Alkawari surori 260 ne,
5 a mako, mako 52, ka kammala ta.

Zabura 150, 5 a yini,
Karin Magana 31, duk suna shiga wata.

Ta 119 dai aya 176 ce,
A ba ta yininta ita kaɗai, ya kamata.

Sabon mai bi ya fara da Markus,
Sura 16 ce, gajeriya, ya san Yesu ta cikinta.

Inda aka fi tsayawa Littafin Firistoci,
Hadayu da dokoki su sa zuciya ta ƙuntata.

A haɗa shi da Ibraniyawa gefe da gefe,
Sai ma'anar jinin hadaya ta fita.

Wanda ya rasa kwana 4 kar ya ce zai rama,
Tarin ramuwa ke sa a rufe a manta.

Ya ci gaba daga inda ya tsaya kawai,
Aya guda a yini ya ɗauka ya rubuta.

Kar a tsinci aya a raba ta da 'yan'uwanta,
A duba 10 gabanta da 10 bayanta.

"Zan iya yin kome" ta Filibiyawa 4:13,
Ƙoshi da yunwa Bulus ya ambata kafin ita.

Shaiɗan ma ya ja Zabura 91 a kan haikali,
Yesu ya ce kar a gwada Allah, ya ƙi aikata.

Ma'aikaciyar Jinya

Malama, ayar haikalin nan ta taɓa fannina, ku ba ni wuri.

Gwada Allah ya fi yawa a gadon ciwo,
A yi addu'a yau, gobe a zubar da magani.

Ishaya ya kai wa Sarki Hezekiya saƙon ƙarin rai shekara 15,
A sura 38, ku duba ku gani:

Shi ɗin ne ya ce a kawo curin ɓaure
A ɗora kan marurun don ya yi amfani.

Luka likita ne, Bulus ya kira shi ƙaunatacce,
Kolosiyawa 4:14 ta ba da bayani.

Za a kawo Sarki Asa, 2 Tarihi 16:12,
Da ciwon ƙafa ya kama shi da tsanani.

Laifinsa bai nemi Ubangiji ba ne,
Ya manta Mai warkarwa ya riƙe masani.

Yaƙub 5:14 ta ce a kira dattawa,
Su shafa mai, su yi addu'a kan mai rauni.

A yi wannan, a kuma tafi asibiti,
Ayar ba ta ce a zaɓi ɗaya a bar wani.

Tarin fuka wata 6 ake shan ƙwayoyi,
Tari kan lafa tun farko, nan ake rasa tunani.

In aka tsaya, ƙwayar cutar da ta rage
Takan dawo da ƙarfi, ta daina jin magani.

Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama,
Jin daɗin jiki ba ya auna jini.

Mai ciwon sukari da ke son yin azumi,
Ya fara jin ta bakin likita kan yini.

In kana gaskata Allah ya warkar da kai,
Luka 17:14 ta ba ka tsani:

Yesu ya aika kutare 10 gun firistoci,
Masu duba fata a wancan zamani.

Je a gwada, likita ya rage da hannunsa,
Shaida mai takarda ta fi ƙarfafa wani.

Matashi Mai Tambaya

Iyaye, na gode, saura guda mai nauyi,
Wadda ke sa matasa suna ja da baya:

An yi tanadi, an roƙa, an sha magani,
Aiki bai zo ba, mara lafiya ya bar duniya.

Sai a ce bangaskiyarsu ce ta gaza,
Baba, wannan hukuncin yana kan gaskiya?

Mai Bishara

Ɗana, wannan hukuncin yana ƙona raina,
Littafi Mai Tsarki bai koyar da shi haka ba.

Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa ƙaya,
An ce alheri ya isa, ba a cire ta ba.

A Getsamani Yesu ya roƙa sau 3,
Ƙoƙon wahala kuwa bai wuce shi ba.

Wa zai ce Ɗan Allah ya gaza bangaskiya?
"Nufinka za a yi" ba karaya ba ce ba.

Samari 3 a bakin tanderu, Daniyel 3:18,
Sun ce Allah na iya ceto, ko bai cece mu ba,

Ba za mu yi wa gunkin nan sujada ba.
Sun faɗi haka tun ba su ga ƙarshe ba.

A Yahaya 9 an tambayi laifin wa ya sa aka haifi wani makaho,
Yesu ya ce ba nasa, ba na iyayensa ba.

Mai baƙin ciki ya buɗe Zabura 13 da 88,
Kuka gaban Allah bai zama saɓo ba.

Ta 88 ma da duhu ta ƙare,
Ruhu bai ga ya kamata a cire ta ba.

Mai jiran aiki ya sa wa nema sa'o'i kullum,
Ya karɓi ƙarami, Bulus bai raina ɗinkin tanti ba.

Kar ya janye daga taron masu bi,
Ibraniyawa 10:25 ba ta yarda da hakan ba.

Mama Ma'aji

Baba, ga na masu zuwa gidan makoki,
Ayuba 2:13 ta nuna mana:

Abokansa 3 sun zauna da shi a ƙasa,
Kwana 7 ba wanda ya ce masa magana.

Da suka buɗe baki neman laifinsa,
A sura 42 fushin Allah ya yi ƙuna.

Ku je da hannu: shara, wanki, riƙon yara,
Romawa 8:28, "kome na aiki don alheri", a bar ta sai wata rana.

Makon fari gida cike yake da mutane,
Wata na biyu ne ba kowa, sai mai shi ya zauna.

Ikilisiya ta raba makonni 12 ga gidaje,
Kowane mako a rubuta mai zuwa da suna.