Gwajin hali ko na basira: da wanne za a tace masu neman aiki?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Wani kamfanin rarraba kaya a Kano zai ɗauki akawu da masu kula da sito su 6, masu nema sun haura 300. An ba da shawarar a tace su da MBTI, wani gwajin halin mutum. Ya dace kuwa?

Malama Mai Horo: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Kada a yi haka. Kamfanin da ke sayar da MBTI ma ya ce ba don ɗaukar aiki aka yi shi ba. Gida 16 yake raba mutane, kuma mutum kan sauya gida in ya maimaita bayan 'yan makonni. Amfaninsa sai a wajen horo, don abokan aiki su fahimci juna. In dole sai an auna hali, a ɗauki Big Five, gwajin da ke auna manyan halaye biyar. Nazarin Barrick da Mount na 1991 ya nuna cewa tsari da cika alkawari ne halin da ya fi alaƙa da kyawun aiki. Sai dai ba wanda zai rubuta cewa shi malalaci ne, don haka a mai da sakamakon ya zama tambayoyin ganawa, kada a kori kowa da shi.

Dan Ofis: Gaskiyarki, Malama. A fara rubuta ainihin abin da ma'aikacin zai riƙa yi kullum. Sai jarrabawar lissafi, tambaya 25 a minti 30, a ɗauki 40 na sama. Su a ba su aikin da kansa: rasit 20 da littafin sito, a ɓoye kurakurai 5 a ciki, a ga wa zai gano. Daga nan 15 su shiga ganawa, tambayoyi iri ɗaya ga kowa, mutum biyu na ba da maki daga 1 zuwa 5, kowa a takardarsa kafin su tattauna. A nazarin Sackett da abokansa na 2022, irin wannan ganawar ce ta zo kan gaba wajen hasashen ƙwazo.

Baban Sito: Yallaɓai, a kula da harshe. Dogon Turanci a tambayar lissafi Turancin yake aunawa, sai ka zubar da gwanin ƙidaya. A fara gwada jarrabawar a kan ma'aikatan da ke hannu. In gwanayenku suka faɗi, jarrabawar ce ke da matsala. A duba katin shaida a bakin ƙofa saboda masu rubuta wa wasu. Sakamakon kuma bayanan sirri ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, a sanar da su abin da za a yi da shi, a kuma kulle shi.